Kafin Ustaz Ya Iso

Ƙarfe takwas na dare a Kassala. An kafa rumfar biki ta tare titi gaba ɗaya, an jera kujerun roba har ido ba ya kai ƙarshensu, amma ba kowa a kai. Maza suna gidan maƙwabta wurin cin abinci, mata ba su gama shiri ba, amarya ko dawowa daga wurin kwalliya ba ta yi ba. A gabana yara ne wajen ashirin zaune a ƙasa, da wata dattijuwa mai shayi da ta kafa murhunta a bakin rumfa, sai mai janareta yana ta fama da waya. Na ɗora molona, ud, a cinya, na jawo makirfo, na ce ina yi wa manyan baƙi barka da zuwa. Wani yaro ya waiwaya baya don ya ga manyan baƙin.

Aikin da na yi ke nan shekara goma sha ɗaya, daga 2012 zuwa ranar da yaƙi ya tashi a 2023. Ni ne mai share fage. Ina hawa kafin babban mawaƙi, in riƙe wurin da waƙoƙina har ya iso, sannan in koma baya in shiga sahun 'yan amshi, waɗanda a nan Sudan ake kira shayyalin. Ba zan faɗi sunan maigidan nawa ba. Ustaz muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane babban mawaƙi a ƙasar nan, shi zan ci gaba da kiransa.

A Gadarif aka haife ni. Kakana ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya noman riɗi don ya tara guzuri, ya yi aure, sai ga shi a nan aka binne shi. Irin labarin gidaje da yawa ne a cikinmu. Baba mai agashe ne, wato tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan ci, Inna kuma tana dama godogodo ta ba yara su kai kasuwa. A bakin turminta na fara jin waƙa. Ud kuwa, molon Larabawa mai ƙaton ciki, a cibiyar matasa ta garinmu na koye shi a ɓoye, ina cewa na tafi ƙwallo.

Ranar da asiri ya tonu Baba bai ɗaga murya ba. Yana jera nama a tsinke ya ce, "Kai ɗan nan, a zuriyarmu an yi malamai, an yi manoma, an yi masu wuƙa irina. Ba a taɓa yin maroƙi ba." Na ce, "Baba, ba roƙo ba ne, a nan fannan ake cewa, wato mai fasaha." Na kawo masa misalin A'isha Falatiya, 'yar mutanenmu da aka haifa a Kassala, wadda ita ce macen da aka fara jin waƙarta a Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940. Ya ce, "To ita ma ai sai da ubanta ya yi fushi." Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba. Na tafi Umdurman da kaya a buhu.

Wani mai akodiyon ne ya kai ni wurin Ustaz, dattijo ɗan Madani da duk ƙungiya ke kira Kawu saboda ni na fara kiransa haka. Ustaz ya saurare ni minti biyar yana danna waya, ya ce muryata ba ta da ƙarfi amma tana da tsabta, in zo ranar Alhamis. Ban gane ba a lokacin, amma abin da yake nema ke nan: murya mai daɗin da za ta hana mutane tashi, wadda ba ta kai ta sa su manta wanda suke jira ba.

Wanda bai san bikin Sudan na wancan zamani ba, sai an yi masa bayanin ƙarfe goma sha ɗaya. Akwai dokar da ake kira Nizamul Am, wadda jihar Hartum ta kafa a 1996, sauran jihohi kuma kowace da irin tata. Ba a kafa kiɗa sai da takardar izini, kuma sha ɗaya na bugawa dole a kashe lasifika, in ba haka ba a kwashe kayan sauti a mota. Ustaz kuma a lokacin kakar aure yakan karɓi biki biyu a dare ɗaya. Saboda haka lokacina ba nawa ba ne. Wani dare in yi waƙa biyu ya iso. Wani dare in yi awa ɗaya da rabi, nawa su ƙare, in shiga tsofaffin waƙoƙin Haƙiba da kowa ya haddace, dangin ango suna harara ta kamar ni na ɓoye shi a aljihu.

Isowarsa kuwa ba a ɓoye take ba. Za ka ji hon na motoci, sai guɗa ta tashi daga ƙofa, sai kawunan mutane duka su juya su bar ka da ƙeya. Kawu zai taɓa kunnensa na hagu. Ma'anarsa in yanke, ko ina tsakiyar kalma. Da farko abin yana yi mini ciwo, har nakan ƙi cin abincin bayan biki. Daga baya na koyi dabara: duk waƙar da zan rubuta sai in zuba mafi kyawun magana a baiti na farko da na biyu. Baiti na uku nakan rubuta shi ne kawai don waƙa ta cika a littafi. Ina da waƙoƙi fiye da arba'in a wani littafin makaranta mai baƙin bango, kusan dukkansu ba a taɓa jin ƙarshensu a fili ba.

Tafiya ita ce rabin aikin. Da zarar an yanke riɗi a Oktoba kuɗi ya shiga hannun manoma, sai wayar manaja ta ƙi yin shiru, haka ma bayan kowace Sallah. Mu cika ƙaramar bas, lasifikoki a sama an ɗaure da igiya, mu kama hanyar Madani, mu tsaya Faw cin wake da burodi, mu wuce Gadarif, Kassala, Haya, har Fot Sudan, tafiyar da ta haura kilomita dubu. Ustaz sau da yawa jirgi yake bi ya same mu can. Kujerata ita ce ta baya can kusa da taya, ud a tsaye tsakanin ƙafafuna na rungume shi kamar mai jinya. Kayan katako ba ya son wasa da iska. Ka saita tsirkiya a bushewar Hartum, ka gangara dutsen Aƙaba ka shiga danshin Bahar Maliya, sai ka tarar duk ta saki. Akwai shekarar da mannen wuyansa ya buɗe a Fot Sudan, wani kafinta mai gyaran jiragen ruwa ya ɗaure mini shi da zaren kamun kifi, da shi na yi biki uku.

Kwana kuma inda dare ya yi. Wani lokaci masauki mai fanka, wani lokaci tsakar gidan dangin ango a kan angareb, gadon igiyar nan, sauro yana nasa kiɗan. Maƙogwaro shi ne jarina, don haka aljihuna ba ya rabuwa da bagaruwa, wadda a nan ake kira garad, ina tsotsa kamar alewa. Ruwan sanyi na haramta wa kaina. A Kassala kuwa ba ni wuce jabana, gahawar nan mai citta, a gindin dutsen Totil, ko da bashi ne.

Batun kuɗi gajere ne. Ladan mawaƙi, wanda ake kira adad, hannun Ustaz yake shiga, da kafin alƙalamin da sauran. Ya ware na mai sauti, na mota, na makaɗa bisa girman kowa, ni ne na ƙarshe. A 2018, lokacin da bankuna suka rasa takardun kuɗi ana kwana a layin burodi da na fetur, na yi wata biyu ana ce mini gobe. Da aka koma tura kuɗi ta manhajar banki ta Bankak sai goben ta koma "intanet ba kyau". Mutanenmu kuma ba su san liƙi irin na Kano ba. A nan namiji zai taso ne ya ɗaga hannu a kanka yana kaɗa yatsu yana cewa abshir, ya koma ya zauna. Girmamawa ce, amma ba ta sayen sabulu.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya waƙa ɗaya ce.

Inna tana da wani kari da take yi in tana daka, 'yan kalmomi kaɗan a kan hanyar gabas da nisanta. Na ɗauki wannan kari na zauna da shi wata uku. Na ja shi, na ƙara masa hawa a tsakiya, na yi masa amshi, na rubuta baitoci da Hausa a kan kakana da ya tsaya a rabin hanya. Abin da ya sa ya zauna daram a kan ud shi ne kiɗan Sudan da namu duk a kan matakan sauti biyar suke tafiya, ba kamar na Masar da Sham ba. Shi ya sa tsohuwar da ba ta jin Larabci za ta iya gyaɗa kai ga waƙar Umdurman, Balaraben Shandi kuma ya ji kalangu ya ji kamar ya san shi. Ban taɓa yin ta a biki ba. A lokacin ba na waƙar Hausa a fili sam. Na sha jin ana kiran harshenmu ruɗana, wato yaren da ba a fahimta, na sha jin "ya Fallati", sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma, da muryar da ba ta yabo ba, sai na zaɓi in zama mai tsabtar Larabci da ba a gane asalinsa.

Wani dare bas ta lalace mana kusa da Haya, a ranar kuma Ustaz yana tare da mu. Muna zaune a gefen titi ana jiran makanike, na ɗauko ud ina yin ta ƙasa-ƙasa don kaina. Sai na ji ya ce, "Yaro, maimaita." Na maimaita. Ya sa na yi sau huɗu, yana buga yatsa a gwiwa. Na kwana ina murna, a zatona ƙofa ta buɗe.

Bayan wata biyu ya zo wurin gwaji da takarda. Ya ba wani marubuci karin, an zuba masa kalmomin soyayya da Larabci. Waƙar ta karɓu fiye da duk abin da ya fitar a shekarun nan. Na gan shi a talabijin ana tambayarsa wa ya yi karin, ya ce daga kayan gado ne, turas.

Na same shi a gida, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ustaz, ka yi mini afuwa, waƙar nan ai tawa ce." Bai musa ba. Ya ce, "A ina ka samo ta?" Na ce a bakin mahaifiyata. Ya ce, "Ita kuma fa?" Na ce wataƙila a bakin tata uwar. Ya buɗe hannu ya ce, "To ka gani. Gado ne. Na yi ƙarya?" Ya sa aka kawo mini shayi, ya ba ni kuɗin da ya kai ladan biki biyar.

Na karɓa. Wannan ma sai na faɗa, don kada in wanke kaina tas. Ana bi na kuɗin haya, na karɓa na yi godiya. Kuma har yau in na natsu nakan ga rabin maganarsa gaskiya ce: ƙashin waƙar ba nawa ba ne. Amma hawan nan na tsakiya, inda mata ke sakin guɗa duk lokacin da ya kai wurin, wannan ba kakar kowa ta yi shi ba, ni na yi shi a ɗakin haya a Umdurman. Shekara shida ina tsaye a bayansa ina amsa masa waƙata kowane dare. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kawu ne kawai yakan kalle ni in an zo wurin, ya sunkuyar da kai kan akodiyon.

A Mai Wurno abin ya juya, bayan Babbar Sallah ta 2017. Garin yana bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci, wanda ya jagoranci jama'a zuwa nan bayan yaƙin Burmi na 1903. Wani ɗan kasuwa ne ke aurar da 'yarsa, ya ɗauko Ustaz don a san ya isa. Na yi share fagena da Larabci kamar kullum, Ustaz ya hau, ya yi waƙa ɗaya, sai janareta ya yi tari ya mutu. Aka yi ta ja, ya ƙi. Ustaz ba ya waƙa ba makirfo, ya ce muryarsa ba ta gwanjo ba ce, ya koma mota ya kunna sanyi.

Wuri ya yi duhu, mutane suka fara gunaguni, uban amarya yana ta zufa. Kawu ya dafa ni ya ce, "Ɗana, riƙe mana su." Na sauko daga dandamali na zauna a kujerar roba a tsakiyar fili, don a ji ni. A gefen mata na ji wata tana ce wa jikarta da Hausa ta zauna kada ta taka mutane. Ban yi shawara da kowa ba, na kama waƙar Inna da kalmominta na asali.

Da farko dariya aka yi, an ji waƙar Ustaz da wani harshe. Kafin in kai amshi na biyu dariyar ta ɗauke. Tsofaffin matan nan suka karɓe amshin, ba kuma irin nawa ba, wani tsoho da ya fi nawa gajarta, da tafi irin na daka, ɗaya na faɗuwa ɗaya na tashi. Ashe sun san ta. Matasa suka kunna fitilun waya. Na ji gashin jikina ya miƙe, yatsuna suna rawa a kan tsirkiya, na yi kuskure sau biyu ba wanda ya kula. Ina shiga baiti na uku janareta ya tashi, fitilu suka haske, Kawu ya taɓa kunne.

Da aka tashi wata tsohuwa ta kamo hannuna ta ce, "Ɗan wane gida ne kai?" Na faɗa mata. Ta ce, "Shi ne tun ɗazu kake ta yi mana Larabci kamar ba ka sha godogodo ba?" Ta kwance bakin mayafinta ta ba ni goro ɗaya da ya fara bushewa. A hanyar komawa Ustaz bai yi magana ba har muka wuce madatsar ruwan Sinnar, sannan ya ce ba tare da ya juyo ba, "Daga yau in mun zo garuruwanku ka riƙa saka guda ɗaya da yarenku." Ɗan kasuwa ne, ya ga kasuwa. Ni dai na samu abin da na samu. Wani ya ɗauki daren a waya, ya zaga WhatsApp har ya kai Gadarif. Inna ta kira ni tana dariya tana cewa na lalata mata waƙa. Baba an ce ya kalla, ya miƙa wayar, ya ci gaba da fifita wuta.

A ƙarshen 2019 aka soke dokar sha ɗaya, muka ce kakarmu ta yanke saƙa, sai korona ta rufe bukukuwa. Muna farfaɗowa, a Yulin 2022 rikicin jihar Shuɗin Nilu ya ɓarke, aka kashe mutanenmu da yawa a Damazin da Rusairis, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Hartum. Ustaz ya ce in ajiye waƙar Hausa tukuna. Na ji haushi ƙwarai, na ga kamar lokacin da ya fi dacewa a ji mu ne ake cewa in yi shiru. Amma a wannan watan, a wani shingen bincike, da aka karanta takardata aka ce in sauko, shi ne ya fito daga mota da rawaninsa ya ce, "Wannan ɗana ne, inda za ku kai shi ku kai ni." Aka sake ni. Mutumin da ya ci waƙata shi ne wannan. Na kasa haɗa lissafinsa har gobe.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 muna cikin azumi, an cika mana mako biyu na bayan Sallah da bukukuwa, har an karɓi kafin alƙalami. Da safe muka ji abin da muka zaci na kwana biyu ne. Na yi kwana goma sha shida a ɗaki kafin na samu mota. Direba ya ce ud kujera guda zai ci, kuɗin kujera kuma ya ninka ba adadi. Na jingina shi a bayan ƙofa, na rufe shi da bargo, na sa littafin nan mai baƙin bango a cikin riga. Ustaz ya bi ta Halfa ya shiga Masar. Kawu ya koma Madani, da garin ya faɗi a Disamba ya sake gudu, a hanya ciwon sukari ya kayar da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na dawo Gadarif na karɓi mafici a hannun Baba. Gari ya cika da 'yan gudun hijira, makarantu duk sun zama gidaje. Kuma abin mamaki, ko ba mamaki ba, ba a daina aure ba. Ana yi da rana tsaka saboda dokar hana fita, ba rumfa, ba janareta. Wani malamin makaranta ya ara mini ud ɗinsa mai tsirkiya ɗaya a tsinke. Ustaz yakan kira daga Alƙahira, muryarsa ta tsufa, yana tambaya ko akwai sabon kari, wai wannan karon za a faɗi sunana. Nakan ce in sha Allah, Ustaz.

Bikin farko da aka kira ni ni kaɗai, a harabar wata firamare ne, ango ɗan Hartum amarya 'yar Sinja, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar maina. Na yi baiti na farko, na yi na biyu, mata suna amshi. Sai wata mota ta yi hon a bakin ƙofa. Hannuna ya tsaya da kansa, na miƙe da ud zan koma baya. Ashe mai kawo ruwa ne.

Uwar amarya ta ce, "Ɗana, lafiya? Wa kake jira? Ƙarasa mana."

Na zauna. Na buɗe baki, sai na ga baiti na uku ya ɓace mini ƙaf. Na ce su yi mini haƙuri, na ciro littafin daga aljihu, na shiga buɗa shafuka ina nema, wata yarinya ta matso ta riƙe mini shi a buɗe.